Hirar Tsakar Gida: Ɗan Jaridan da Ya Ga Yunwa da Idonsa

A wannan wata za mu ba ku labarin wani mutumin Ingila wanda ya yi shekara wajen hamsin yana cin abinci da alƙalaminsa da harshensa. Dalili kuwa shi ne, da wuya yanzu ka shiga gida da maraice ba ka ji muryar wani mai sharhi tana fitowa daga rediyo, ko talabijin, ko wayar hannu ba, yana gaya wa mutane wanda za su so da wanda za su ƙi. Mutanen nan sun zama baƙin da suke cin tuwon dare tare da mu kullum, ba mu kuwa san asalinsu ba. Yana da kyau ko sau ɗaya mu bi sawun ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe, mu ga abin da aikin nan yakan yi wa mai shi.

Sunansa Malcolm Muggeridge. Sunan nan na biyu yana da wuya a bakinmu, saboda haka za mu riƙa ce da shi Malkom kawai. An haife shi a shekara ta 1903 a wani gari kudu da Landan, ana kiransa Croydon. Ubansa ma'aikacin kamfani ne, amma zuciyarsa duk tana wajen siyasa. Ya gaskata cewa in gwamnati ta karɓi dukiyar ƙasa ta riƙe ta domin kowa da kowa, talauci da zalunci za su ƙare. Yakan tsaya a bakin kasuwa yana yi wa masu wucewa wa'azin wannan ra'ayi, ɗansa kuwa yana tsaye kusa yana jin ba wani uba a duniya kamar nasa. A shekara ta 1929 aka zaɓi uban ya zama ɗan majalisa a jam'iyyar Leba. To, wannan shi ne addinin da aka goyi Malkom da shi: cewa mutum da hannunsa zai iya gina aljanna tun a nan duniya.

Ya yi karatu a jami'ar Kambirij, ya gama a 1924. Daga nan ya tafi kudancin Indiya ya koyar a wata kwalejin Kirista, ko da yake shi kansa bai tsaya da ƙafa biyu cikin bangaskiya ba. A 1927 ya auri wata yarinya mai suna Kitty, 'yar dangin manyan masu ra'ayin gurguzu na Ingila. Suka tafi Masar ya ci gaba da aikin malanta. Can ne ya fara aika wa jaridar Manchester Guardian labarai, har suka kira shi gida suka ba shi aiki a 1930.

A shekarun nan Ingila tana cikin wahala. Masana'antu suna rufewa, miliyoyin magidanta ba aiki. Masu ilimi da yawa suka ɗaga ido suna duban Rasha, inda aka ce Stalin yana gina sabuwar duniya wadda ba mai gida ba bara. Malkom da matarsa suka gaskata wannan da zuciya ɗaya. A 1932 suka sayar da kayan ɗakinsu suka nufi Mosko, shi a matsayin wakilin jaridarsa, da niyyar su zauna can har abada.

Ba a daɗe ba ya fara ganin abin da bai yi tsammani ba. Baƙi da manyan jam'iyya suna da kantunansu dabam cike da abinci, talakawa kuwa suna jerin gwano tun da asuba domin ɗan burodi. Duk labarin da ɗan jarida zai aika ta wayar tangaraho sai wani ma'aikacin gwamnati ya karanta ya soke abin da ba ya so. Wakilan jaridu sun san cewa wanda ya cika faɗin gaskiya za a ƙwace masa izinin zama, ya rasa aikinsa. Saboda haka da yawa suka koyi rubuta abin da zai wuce. In sun taru da dare suna shan shayi sai su riƙa ba juna labarin yunwar da ake yi a ƙauyuka, da safe kuma kowa ya aika wa jaridarsa labarin sababbin masana'antu.

Bari mu ɗan tsaya a kan yunwar nan, gama yawancin masu karanta mujallar nan manoma ne ko 'ya'yan manoma, za su gane nauyinta fiye da mutanen birni. Gwamnati ta tilasta wa manoma su ba da gonakinsu da shanunsu, su shiga manyan gandaye na gwamnati. Waɗanda suka ƙi, ko kuwa aka ga suna da ɗan abin hannu, aka kwashe su zuwa ƙasashen sanyi masu nisa. Aka yanka wa kowane ƙauye yawan hatsin da zai kawo, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. In bai cika ba sai a aiko da mutane su bincike gida gida, su haƙa ƙasa, su kwashe har da irin shuka. A watan Agusta na 1932 aka kafa doka cewa wanda ya ɗauki kayan gandun gwamnati hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara 10, aka kuwa yi amfani da dokar nan har a kan matan da suka je kalar zangarniya bayan girbi. Ku tuna yadda Shari'ar Musa ta umarci mai gona ya bar kala domin matalauci da baƙo, da yadda Rut ta ciyar da surukarta da kala a gonar Bo'aza. A can kuwa kala ta zama laifin da ake ɗaure uwa a kai. Ana cikin haka gwamnati tana ta sayar da hatsi a ƙasashen waje, ta kuma hana mayunwata barin ƙauyukansu. Masanan tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙasar Yukren kaɗai mutum miliyan 3 da rabi zuwa miliyan 5 suka mutu tsakanin 1932 da 1933, a ƙasar da take cikin mafi albarkar noma a Turai duka.

A farkon 1933 Malkom ya sayi tikitin jirgin ƙasa ya nufi kudu, bai nemi izinin kowa ba. Ya bi ta Yukren da yankin arewacin Kaukasas. Ya ga gonaki sun zama saura, ƙauyuka shiru ba kukan dabba, mutane da kumburarren ciki, sojoji kuwa ƙosassu ko'ina. A wata tasha da sassafe ya ga an jera manoma, hannuwansu a ɗaure, ana tura su cikin taragon shanu da bakin bindiga. Wata ranar Lahadi kuma a birnin Kiyef ya shiga wata majami'a, ya tarar ta cika maƙil, mutanen da ba su da sauran wani mai taimako a duniya suna kuka ga Allah. Daga baya ya ce wannan sujada ta taɓa shi ƙwarai, ko da yake sauran shekaru masu yawa kafin ya kira kansa mai bi.

Yanzu fa sai ku duba matsayin da saurayin nan mai shekara 29 ya sami kansa. Faɗin laifin abokin gaba ba wuya, kowa yana iyawa, har ma akan tafa wa mutum. Amma abin da Malkom ya gani ya rushe abin da ubansa ya ba da ransa a kai. Ya kunyata dangin matarsa. Ya saɓa wa ra'ayin jaridar da take ba shi abinci, da na abokansa duka. Da ya yi shiru ba wanda zai zarge shi, gama manyansa a aikin sun yi shiru. Ya zauna ya rubuta abin da ya gani, ya ba wani a ofishin jakadan Ingila aka sa cikin jakar wasiƙun jakada, wadda ba a buɗewa a kan iyaka. A ƙarshen watan Maris na 1933 jaridarsa ta buga labarin kashi uku, bayan an rage shi, ba kuma tare da sunansa ba.

Ba a gode masa ba. A farkon watan nan ma shahararren marubucin nan Bernard Shaw da waɗansu mutum 20 sun sa hannu a wata wasiƙa cikin jaridar, suna cewa sun je Rasha sun gani, zancen wahala ƙarya ce ta maƙiya. Babban wakilin jaridar New York Times a Mosko, Walter Duranty, wanda aka ba babbar lambar yabo ta 'yan jaridun Amurka a 1932, ya rubuta cewa akwai ƙarancin abinci amma ba a kai ga yunwar kisa ba. Mutumin nan ya san gaskiya, gama a ɓoye ya gaya wa ma'aikatan jakadan Ingila cewa miliyoyi sun mutu. Duniya ta gaskata mai lambar yabo, ta ƙyale saurayin da ba a san sunansa ba.

Adalci ne mu ambaci wani saurayi kuma, Gareth Jones, mutumin Wales. Shi ya sauka daga jirgi ya bi ƙauyukan Yukren da ƙafa, ya kwana a ɗakunan mayunwata, sa'an nan ya fito ya faɗi abin da ya gani da sunansa a fili. A wannan wajen ya fi Malkom ƙarfin hali. Shi ne Duranty ya fi kai wa hari. An kashe shi a 1935 a yankin Mongoliya ta ƙasar Sin, ana gobe zai cika shekara 30.

Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur. Mukan ɗauka zancen kotu ne kawai. Amma wanda ya ga an kwashe rumbun maƙwabcinsa, aka tambaye shi ya ce bai ga kome ba domin masu kwasar 'yan jam'iyyarsu ne, ko 'yan kabilarsu, ko 'yan ɗarikarsu, ina bambancinsa da Duranty? Muna tambayar nan domin mun san yadda abin yake a cikin ikilisiya ma. In kuɗin baiko ya ɓace a hannun ɗan wani gida, sau da yawa waɗanda suka fi sanin gaskiya su ne suka fi yin shiru a taron dattawa.

Malkom ya bar Rasha, ya bar jaridarsa cikin fushi, ya sha wuyar samun aiki. A 1934 ya fitar da littafi a kan abin da ya gani a Mosko, sa'an nan ya koma Indiya ya yi aiki da wata jarida a Kalkata. Aljannar ubansa ta rushe, bai kuwa sami wani abin da zai sa a gurbinta ba. Da yaƙin duniya na biyu ya tashi ya shiga soja, aka sa shi aikin leƙen asiri, aka tura shi Mozambik a 1942, birnin da ake kira Maputo yanzu. Aikin ƙarya ne da yaudara dare da rana, ga kaɗaici, ga shaye-shaye. Shi da kansa ya ba da labari cewa wani dare ya ga rayuwarsa ba ta da amfani, ya shiga teku da niyyar kada ya komo. Da ya yi nisa sai ya waiwaya ya hangi fitilun bakin gaɓa, wani farin ciki da bai san mafarinsa ba ya kama shi, ya juyo ya yi iyo zuwa tudu. Allah bai gama da shi ba tukuna. In akwai wani mai karanta shafin nan da irin wannan nauyi a zuciya, muna roƙonsa kada ya ɗauke shi shi kaɗai, ya nemi fasto, ko likita, ko wani ɗan'uwa amintacce, ya faɗa masa tun yau.

Bayan yaƙi sai tauraronsa ya fara haske. Ya yi wa jaridar Daily Telegraph wakilci a Washinton, ya zama mataimakin edita. Daga 1953 zuwa 1957 shi ne editan Punch, mujallar ba'a da zane-zanen ban dariya. A shekarun nan ne talabijin ya shiga gidajen Ingila, aka kuwa tarar an yi Malkom domin akwatin nan. Yana da murya wadda ba a mantawa, da fuska mai motsi, da harshe kamar aska. Yakan zauna da minista ko bishop ko tauraron silima ya yi masa tambaya cikin murmushi, kafin mutum ya farga an tuɓe masa rawani a gaban jama'a. Ba ya jin tsoron kowa. A 1957 wata mujallar Amurka ta buga rubutunsa inda ya tambaya ko Ingila tana bukatar sarauniya, aka kuwa fitar da shi daidai lokacin da Sarauniya Elizabet take ziyara a Amurka. Dattawanmu da suka ga hawan daba da aka yi mata a Kaduna a 1956 za su gane girman abin a idon mutanen wancan zamani. Aka yi ta aiko masa da wasiƙun zagi, BBC ta ɗan janye shi daga shirye-shiryenta. Abin bai rage masa suna ba, ƙara masa ya yi.

A nan ne muke ganin haɗarin aikin. A Rasha ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta ci masa aiki. A talabijin kuwa ya tarar ba'a ita ce take kawo kuɗi da suna. Mutumin da ya taɓa ganin ƙarya babba yana iya zama wanda ba ya gaskata kome, yana yi wa kowane abu dariya, har ya ɗauka dariyar ita ce hikima. Masu kallo suna jin daɗi, gama ba abin da ya kai ganin an ka da babba daɗi. Amma ba'a ba ta ciyar da mai yinta. A gida kuma abubuwa ba su da kyau. Yana sha ƙwarai, yana bin mata, ba a ɓoye ba, matarsa ta sha baƙin ciki shekara da shekaru. Wani littafin tarihin BBC da ya fito a 2015 ya ambace shi cikin waɗanda suka riƙa taɓa mata ma'aikata ba da yardarsu ba. Ba za mu rufe wannan domin daga baya ya zama namu ba. In mun rufe, mun yi abin da muka gama zargin Duranty da shi.

Juyowarsa ba ta rana ɗaya ba ce. Ba wani taron farkawa da za a nuna a ce nan ya fito gaba. Sannu a hankali, wajen shekararsa 60, ya bar giya da taba, har da nama, ya komo wurin matarsa. A 1967 BBC ta aike shi Ƙasa Mai Tsarki ya shirya fim a kan rayuwar Yesu. A Baitalami ya zauna a kogon da ake cewa nan aka haifi Ubangiji, yana shirin yi wa masu ziyara dariya a zuci kamar yadda ya saba. Sai ya lura da yadda fuskokinsu suke sakewa sa'ad da suka shigo, dariyar ta ƙi zuwa. A farkon 1968 ya ajiye muƙamin da ɗaliban jami'ar Edinbara suka zaɓe shi a kai, domin wakilansu sun nemi ya goyi bayan a riƙa ba ɗalibai ƙwayoyin hana ɗaukar ciki. Ya sanar da haka daga kan bagadin babbar majami'ar birnin. A 1969 ya fitar da littafi a kan yadda ya sāke samun Yesu. Abokansa na dā suka yi ta yi masa ba'a suna kiransa waliyyi. Mai aska ya ji yadda aska take.

Suna cewa ya bar zunubi ne bayan zunubi ya bar shi, watau sai da tsufa ya zo. Maganar tana da ɗan kamshin gaskiya, shi ma bai yi musunta da ƙarfi ba. Amma Ubangiji ya ba da misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, inda waɗanda aka ɗauka da la'asar suka karɓi lada ɗaya da na waɗanda suka fara da sassafe, na sassafen kuwa suka yi gunaguni. Mai gona bai saurari gunaguninsu ba. Abin da za mu ƙara shi ne, gafarar Allah ba ta mayar wa Kitty shekarun da ta yi tana kuka ba, ba ta kuma share abin da aka yi wa matan nan ba. Saurayin da yake cewa bari in ci duniya tukuna in tuba da tsufa kamar wannan Bature, ya tuna da wanda zai biya kuɗin jinkirin nasa. Sau da yawa matarsa ce da 'ya'yansa.

A 1968 aka ce ya yi hira a talabijin da wata 'yar ƙaramar mata mai hidima a Kalkata, wadda mutanen Ingila ba su san ta sosai ba, ana ce da ita Mada Teresa. Masu shirin suka ga hirar ba ta da armashi, gama matar ba ta iya zaƙin baki ba. Amma da aka nuna, mutane suka yi ta aiko da kuɗi ba a roƙe su ba. A 1969 ya tafi Kalkata da masu ɗaukar hoto suka yi fim a kan aikinta, a 1971 kuma ya rubuta littafi. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen sanar da ita ga duniya, har ta karɓi lambar Nobel a 1979.

Akwai wani abu da ya faru wajen ɗaukar fim ɗin wanda ya kamata kowane mai bi ya sani. Gidan da ake kwantar da masu baƙin mutuwa yana da duhu, mai ɗaukar hoto ya ce da wuya hoton ya fito. Da aka wanke fim ɗin a Landan sai ga cikin ɗakin ya fito da wani haske mai laushi, kyakkyawa. Nan take Malkom ya ce mu'ujiza ce, hasken Allah ne kyamara ta kama, ya yi ta faɗin haka a jaridu da taruka. Amma mai ɗaukar hoton, Ken Macmillan, ya bayyana daga baya cewa wani sabon fim ne na kamfanin Kodak da suka gwada a ranar, wanda aka yi shi domin wuri mai ƙarancin haske. Ya ce yana shirin yabon Kodak ke nan Malkom ya riga shi da zancen mu'ujiza.

Mun gaskata Allah yana yin mu'ujizai. Amma ku duba abin mamaki. Mutumin da ya ƙi yarda da abin da ubansa da abokansa suke so ya gani a Rasha, sai da ya je ya duba da idonsa, shi ne kuma bayan shekara 36 ya ga abin da zuciyarsa take so ya gani, bai tsaya ya tambayi mai kyamara ba. Waɗanda ba sa son bishara sun yi shekaru suna amfani da labarin nan suna yi wa masu bi dariya. Matan da suke wanke gyambon mutanen da aka tsinto a bakin titi ba su bukaci a ƙara musu wani haske ba. Haka yake da labaran da ake turo mana a waya, na wani da ya tashi daga matattu a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, ko na wani abin tsoro da aka ce waɗansu sun yi wa Kirista a wani wuri. Kasancewar labari ya goyi bayanmu bai mai da shi gaskiya ba. Kafin ka tura wa ƙungiyar mata zumunta ko ta matasa, ka tambaya wa ya gani da idonsa.

A 1974 aka gayyace shi ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya da Billy Graham ya kira a Lozan, ƙasar Suwizalan, taron da marigayi Dokta Byang Kato, ɗan ƙasarmu, shi ma ya yi jawabi a ciki. A 1976 kuma ya yi lacca uku a wata majami'a a Landan a kan Almasihu da kafofin watsa labarai. Can ne ya kawo misalinsa da aka fi tunawa. Ya ce a ɗauka bayan gwaji uku na jeji, Iblis ya komo da na huɗu: wani attajirin Roma ya ji labarin Yesu, ya aiko a ce masa ya zo a sa shi a talabijin, dukan mulkin Roma su gan shi a dare ɗaya, ba sai ya sha wahalar yawo a ƙauyukan Galili da almajirai goma sha biyu ba. Malkom ya ce Yesu zai ƙi. Dalilinsa shi ne, kyamara tana neman abin kallo, abin da ya auku kuwa sau da yawa ba shi da kyan kallo, saboda haka sai a gyara shi.

Ya ba da misali daga ƙasarmu, lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya ce an ɗaure wani mutum za a harbe shi, masu ɗaukar hoto na ƙasashen waje sun taru. Ana gab da ba da umarni sai ɗayansu ya yi ihu a dakata, batirinsa ya mutu. Aka dakata, mutumin yana ɗaure yana jira, har aka sa sabon batir, sa'an nan aka harbe shi. Masu kallo a Turai suka ga abin a ɗakunansu suna tsammani sun ga gaskiya tsirara, ba su san har sa'ar mutuwar mutum an daidaita ta da bukatar kyamara ba. Shi Malkom, wanda talabijin ya yi wa suna da arziki, ya sa aka cire eriyar gidansa.

Ba mu bi shi har can ba. Da yawa cikin iyayenmu sun fara jin bishara da Hausa ta Rediyon ELWA da Muryar Bishara, waɗansu kuma a filin ƙauye da dare, gaban farin ƙyallen majigi, suna kallon fim ɗin Yesu. Shi kansa ta talabijin ya sanar da duniya aikin Kalkata, bai kuma daina shiga talabijin ba bayan ya cire eriyarsa, abin da masu sukarsa ba su gaji da tuna masa ba. Amma gargaɗin mutumin da ya yi shekara fiye da 20 a gaban kyamara ya cancanci a ji shi. Ya san cewa mai sharhi yana da 'yan mintoci kaɗan, dole ya yi magana kamar ba ya shakkar kome, gama ba a sāke gayyatar wanda ya ce bari in je in bincika. Ya san kuma wanda ya fi zafin baki shi ake ƙara kira. Maigida da uwargida za su yi wa 'ya'yansu alheri in suna kallo tare da su, in an gama kuma su tambaye su: mutumin nan ya je wurin, ko ji ya yi? Wa yake biyansa? Ya taɓa faɗin laifin nasa mutanen?

A watan Nuwamba na 1982, yana da shekara 79, shi da Kitty suka shiga ikilisiyar Katolika tare, a wata 'yar ƙaramar majami'a kusa da ƙauyensu a kudancin Ingila. Mada Teresa ta daɗe tana rubuta masa wasiƙu a kan haka. Waɗansu abokansa na ikilisiyoyin bishara ba su ji daɗi ba, amma zumuncinsu bai yanke ba. Ya rasu ran 14 ga Nuwamba 1990, shekara guda kafin Tarayyar Sobiyat ta wargaje, aka buɗe ɗakunan ajiyar takardunta, masana suka ga lissafin hatsin da aka kwashe da na mutanen da suka mutu. Kitty ta bi shi a 1994, bayan aure na shekara 63.

A 2003 kwamitin da ya ba Duranty lambar yabo ya sāke duba maganar, ya yanke shawara ba zai janye lambar ba. A 2008 gwamnatin Yukren ta ba Malkom da Gareth Jones lambar girma saboda labaran da suka rubuta a 1933, danginsu suka karɓa a madadinsu a Landan.